Bango Ya Faɗi: Wa Za Ya Biya?

Kowace shekara in damina ta yi tsakiya, watau wajen watan Agusta, akwai wata gardama da ta kan tashi a Kutama da sauran garuruwan ƙasar Gwarzo da Kabo. A kan kwana biyu ko uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, ƙasa ta ƙoshi, tubali ya jiƙa har ciki. Da tsakar dare sai a ji rugugi, gari ya waye a tarar bangon wani ɗaki ya kwanta. In mai ɗakin shi ke kwana a ciki, magana ta ƙare, ya san aikinsa ne. Amma in ɗakin na haya ne, sai ka ga mutum biyu tsaye a kan ɓaraguzai, kowa yana nuna ɗan'uwansa da yatsa. Mai gida ya ce, "Lafiya lau na ba ka ɗakina." Ɗan haya ya ce, "Kuɗin shekara na ba ka, ga kayana a ƙarƙashin ƙasa."

To, wa za ya biya? Tambayar ƙarama ce a baki, amma ta raba abokai, ta kai maƙwabta gaban alƙali, har ta sa waɗansu da ke zama a benci ɗaya ran Lahadi sun daina gaisawa. Ba kuwa a kan bango kaɗai a ke yinta ba. A kan yi ta a kan ƙyauren da ya ɓalle, da shaddar da ta rufta, da kwanon da iska ta yaye, da shagon da ya ƙone. Domin wannan mu ke so mu dube ta a natse, gama a cikinmu akwai masu gidaje, akwai 'yan haya, da yawa kuma sun ɗanɗana duka biyu.

Yadda haya ta shigo mana

Kakanninmu ba su san hayar ɗaki sosai ba. Baƙo in ya iso gari, mai gari ya kan sa a sauke shi a wani gida, a ba shi ɗaki da ruwa da tuwo. Fatake kuma suna da masu masaukinsu a kowane zango, waɗanda ke ba su wurin kwana, su tsare kayansu, su sami ladansu daga cinikin. Haka Hausawan Sabo a Badun su ka riƙe cinikin shanu da goro shekara da shekaru. A irin wannan zama, kunya ce ke tsaron ɗaki. Baƙo ba za ya so a ce ya ɓata wurin da aka karrama shi ba, mai masauki kuma ba za ya so a ji baƙonsa ya kwana cikin yoyo ba.

Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913, cinikin gyaɗa da aikin albashi su ka jawo mutane daga ko'ina, sai ba da ɗaki domin kuɗi ya yawaita, ya kuma bi hanya har ya kai ƙauyuka. Ƙidayar 2006 ta sami mutum sama da 180,000 a ƙaramar hukumar Gwarzo, da sama da 150,000 a ta Kabo. Galibinsu a gidajen gado su ke zaune, amma malamin makarantar da aka turo daga nesa, da ma'aikaciyar asibiti, da ɗan sanda, da tela, da mai sayar da magani, duk sai sun kama ɗaki ko shago.

Haya kanta ba laifi ba ce, taimako ce ga kowane gefe. Abin da ya ɓaci shi ne, da kuɗi ya shiga tsakani, kowa ya ɗauka kuɗin ya sallame shi daga kunya. Mai gida ya ce a ransa, na karɓi nawa, sauran ruwansa. Ɗan haya ya ce, na biya nawa, gidan ba na ubana ba ne. Ɗaki ya zama maraya, yana da mutum biyu, ba mai kula da shi.

Aro dabam, ajiya dabam, haya dabam

Harshenmu da kansa yana koya mana wani abu a nan. In kayan wani ya shiga hannunmu, mu kan bambanta ko aro ne, ko ajiya, ko haya. A aro, mai karɓa ne ke cin amfani duka, domin haka nauyinsa ya fi yawa. A ajiya, mai kaya ne ke cin amfani, wanda aka ba ajiya alheri ya ke yi, ba a kama shi da biya sai in ya yi sakaci. Haya tana tsakiya. Ɗaya ya sami wurin kwana, ɗaya ya sami kuɗi. Tun da su biyu su ke ci, su biyu za su ɗauki kaya, kowa da gefensa.

Wannan ba sabon tunani ba ne. Hamurabi, Sarkin Babila, ya sa an sassaƙa dokokinsa a dutse wajen shekara 1750 kafin haihuwar Almasihu, dutsen yana nan a birnin Paris ta Faransa. A ciki akwai hukuncin san noma na haya. In zaki ya kashe shi a daji, hasarar ta mai sa ce. In wanda ya yi hayar ne ya kashe shi da duka ko da rashin kula, za ya biya sa a madadin sa. In ido ɗaya ya ɓata masa, rabin kuɗin san za ya biya.

Attaura ma ta yi wannan bambanci. Littafin Fitowa sura 22 ya ɗora biya a kan wanda ya ari dabba ta ji ciwo ko ta mutu mai ita ba ya nan, amma in ta haya ce, an lissafa hasarar a cikin kuɗin hayar. A wannan sura kuma aka ɗora biya a kan wanda ya kunna wuta ta cinye hatsin maƙwabcinsa.

Haka kuma Risala, littafin fiƙihun Malikiyya wanda Ibn Abi Zaid na Ƙairawan ya rubuta a ƙarni na 10, wanda a ke karantawa a zaurukan malamai na ƙasar Kano, alƙalai kuma su ka san shi sarai. Ta ɗauki mai haya a matsayin amintacce. In abin da ya yi haya ya lalace a hannunsa ba a kama shi da biya, ana kuma gaskata maganarsa sai in ƙaryarsa ta bayyana. In kuwa gida ya rushe kafin wa'adi ya cika, hayar sauran kwanakin ta warware.

Mutanen nan zamaninsu dabam ne, addininsu dabam, amma sun haɗu a kan abu ɗaya. Ba su fara da tambayar a hannun wa abu ya lalace ba. Sun fara da tambayar me ya lalata shi, wa kuma ke da ikon hanawa bai hana ba.

Ɓarna iri uku

In mun bi wannan hanya, za mu ga ɓarnar gida iri uku ce.

Ta fari ita ce tsufa. Fenti ya kan koɗe, daɓe ya kan goge, kwano ya kan yi tsatsa, azara ta kan gaji, makullin da a ke buɗewa safe da yamma ya kan saki. Wannan ba laifin kowa ba ne, kuma an riga an biya shi. Kuɗin haya ai kuɗin cin ɗaki ne, ɗaki kuwa ba a cinsa ya zauna sabo. Mai gidan da ya karɓi hayar shekara biyar, sa'an nan ya ce a mayar masa da ɗaki kamar ranar da magini ya sauko, so ya ke ya ci sau biyu a ƙwarya ɗaya.

Ta biyu ita ce ta sakaci da ganganci. Mu duka mun san irinta. Mutum ya ɗaure awaki a jikin bango suna goga suna fitsari. A riƙa zubar da ruwan wanki a gindin katanga har ta zaizaye. A bar shara ta toshe rariya, ruwa ya kwanta a tsakar gida. A hura itace a ɗakin kwana har rufi ya yi baƙi ƙirin. A fasa bango a yi taga ba da izini ba. A jona wayoyin lantarki barkatai, ko a ajiye jarkar fetur a shago kusa da wuta. Wannan duka na ɗan haya ne, har da abin da 'ya'yansa da baƙinsa da dabbobinsa su ka yi, gama shi ya shigo da su. A 1953 wani alƙalin Ingila mai suna Denning ya yanke irin wannan shari'a. Ya ce bangon da danshi da tsufa su ka ci ba ya kan ɗan haya, amma tilas ɗan haya ya yi 'yan ƙananan ayyukan da mai hankali ke yi a inda ya ke zaune, kamar buɗe magudanar da ta toshe. A wurinmu wannan shi ne share rariya, da kau da ciyawa daga kan soro, da karkatar da ruwa daga gindin bango.

Amma a nan ma akwai ma'auni. Wanda ya karya ƙyauren katako mai shekara goma, kuɗin ƙyaure mai shekara goma ke kansa. In mai gida yana son sabon ƙyauren ƙarfe, sai ya cika daga aljihunsa. Biyan ɓarna mayar da mutum ne inda ya ke dā. In ya wuce haka ya zama riba da wahalar wani.

Ta uku ita ce wadda ta fi ƙarfin kowa, kamar ambaliya, da guguwa, da tsawa, da gobarar da ta taso daga wani wuri. Za mu komo kanta a gaba.

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo

Da kowace ɓarna tana zuwa da sunanta a goshi, da ba a yi gardama ba. Wuyar ita ce yawancin bangon da ke faɗuwa a Agusta, tsufa da sakaci da ruwan sama ne su ka taru su ka kā da shi. Bari mu duba yadda abin ke faruwa.

Soro ƙasa ce a kan azara. Muddin yaɓe yana da kyau, indararo kuma yana zubar da ruwa nesa da bango, ɗakin ƙasa ya kan daɗe ƙwarai. Domin wannan magina ke yin yaɓe da rani, su shafa makuba, su duba indararo tun hadari bai taso ba. Amma in indararo ya karye ko ya toshe, ruwa ya kan kwanta a bisa ko ya bi jikin bango. 'Yar tsaga ta buɗe, ruwa ya shiga, gara ta sami azara mai laima. A watan Maris gyaran bai wuce 'yan kwandunan ƙasa da yinin magini ɗaya ba. A watan Agusta ya zama ɗaki ɗungum, wani lokaci har da rai.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. To, a gidan haya wa ne ne mai ɗakin nan? Wanda ke kwana a ciki ne, shi ke kau da tabarma in ruwa ya fara ɗiga. Mai gida watakila yana wata unguwa, ko yana Kano, ko ya tafi cin rani. Ashe sani yana wurin ɗaya, nauyin gyara yana wurin ɗaya. Abin da ke haɗa su magana ce kaɗai. A ganinmu, a nan ne amsar tambayar ta ke: in ana so a san wanda za ya biya, a bincika inda magana ta tsaya.

A ce ɗan haya ya ga tsaga tun da rani, ya je ya faɗa, ya sake faɗa a gaban shaida, mai gida ya ce a bari sai bayan girbi. Bango ya faɗi. Ginin na mai gida ne, sauran kuɗin haya kuma a mayar. Mu kuwa muna gani har gadon da ya karye da buhun dawar da ya jiƙe suna wuyansa, gama an gargaɗe shi ya ƙi ji.

A ce kuma ɗan haya ya gani ya yi shiru. Dalilan shirun mun san su. Wani yana tsoron in ya yi magana a ƙara masa kuɗi, ko a ce ya tashi. Wani kuwa cewa ya ke ba nawa ba ne. Na farkon abin tausayi ne, amma shirunsa bai hana ruwa shiga ba. Irin wannan yana da rabo a cikin hasara. Ba za a ɗora masa bango duka ba, gama ba shi ya tsufar da shi ba. Rabonsa shi ne abin da shirunsa ya ƙara, watau bambancin ƙaramin gyara da babba.

In kuwa dukansu sun sani, kowa ya zauna yana jiran ɗaya ya fara, to, sai su raba, kada wani ya tsaya yana wanke kansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, su biyu kuwa su ka zuba wa tsagar ido.

Abin da ke wuyan mai gida

Akwai wata magana da masu gidaje ke so, wai in ba ka so ka tashi. A wajen shari'a tana da 'yar madogara. Muhtasar na Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, wanda alƙalan ƙasar nan ke komawa gare shi, bai tilasta wa mai gida gyara ba. Abin da aka ba ɗan haya shi ne zaɓi, in lalacewar tana cutarsa ya fita a warware hayar. Dokar da Jihar Ikko ta yi a 2011 ta bi wata hanya. Ta ɗora wa mai gida gyaran wajen gini da wuraren da kowa ke amfani da su, ta ɗora wa ɗan haya kula da inda ya ke zaune, ban da abin da tsufa ya ci.

Ko wace doka aka bi, ya kamata mu tuna doka iyakar ƙasa ce ta ke nunawa, inda in mutum ya gaza a kama shi. Mutumin kirki ba a nan ya ke tsayawa ba. Malamin da ya tattara albashinsa ya biya shekara gaba ɗaya, yana da mata da 'ya'ya huɗu, in aka ce masa ya tashi a tsakiyar damina, ina za ya nufa? Zaɓin da ba shi da hanyar bi ba zaɓi ba ne. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Wanda ya karɓi kuɗin ɗaki ya yi alkawarin ɗaki, watau wurin da mutum za ya kwanta ya rufe ido ba tsoro.

Littafin Kubawar Shari'a sura 22 ya umarci mai sabon gida ya yi wa soronsa rawani, domin kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan. Abin lura a nan shi ne an ɗora wa mai gini nauyin ran wanda ba shi ba. Rijiyar da ba ta da murfi, da shaddar da itacenta ya ruɓe, da wayar lantarkin da ta tsufa a cikin rufi, duk irin wannan ne. Mafi muni kuma shi ne ɓoye aibi, a yaɓa sabuwar ƙasa a kan tsohuwar tsaga, ko a shafa fenti a kan danshi ana gobe mai haya za ya zo dubawa. Wannan algus ne, daidai da zuba tsakuwa a gindin buhun hatsi. Wanda ya yi haka ba shi da bakin neman biya in abin ya tonu.

In abin ya fi ƙarfin kowa

A watan Agusta na 1988 aka yi ruwa mai yawa a ƙasar Kano, madatsar Bagauda ta ɓalle, dubban gidaje su ka rushe. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano, da yawa daga masu ciniki a ciki kuwa ba su ne masu ginin ba. A irin wannan rana ba indararon da za ya yi magani.

Amma mu yi hankali da kalmar nan ƙaddara, gama ta zama bargon da a ke rufe sakaci da shi. Ruwan da ya kā da ɗaki ɗaya ya bar goma na kusa da shi a tsaye, a tambayi ɗakin. Wutar da ta tashi daga risho da aka bari yana ci, tana da mai ita. Sai an bincika an ga ba hannun kowa, sa'an nan a kira abu ƙaddara.

In ya tabbata haka ne, hukunci mai sauƙi ne: gini ya faɗi a kan mai gini, kaya su faɗi a kan mai kaya, kuɗin kwanakin da ba a zauna ba a mayar. Amma sau da yawa wannan ya kan bar su biyu a ƙasa. Mai gida ba shi da abin sake gini, ya kuma riga ya kashe kuɗin hayar a taki ko a makarantar yara. Ɗan haya ba shi da wurin zuwa.

Mutanen Landan sun taɓa shiga wannan hali. A watan Satumba na 1666 gobara ta yi kwana huɗu tana ci, ta cinye gidaje wajen 13,200. Mazauna birnin da yawa 'yan haya ne, takardunsu kuma sun ɗora musu sake gina gida in ya lalace, su kuma ci gaba da biyan haya ko da gidan ya zama toka. Da an bi takarda kalma da kalma, da 'yan haya sun tsiyace, masu gidaje kuma su zauna da kangaye. Sai majalisar ƙasar ta kafa kotu ta musamman a 1667, manyan alƙalai su ka zauna ba su karɓi lada ba. Su kan tambaya wa ke da ƙarfin gini. In ɗan haya ne, ya gina, a rage masa kuɗin haya, a ƙara masa shekarun zama. In mai gida ne, a saki ɗan haya daga takardarsa. Da haka birnin ya tashi cikin 'yan shekaru.

Dattawanmu ma sun san wannan dabara. Ɗan haya ya kawo ƙarfinsa da na 'yan'uwansa a yi gayya a kwaɓa ƙasa, mai gida ya kawo azara da ladan magini, a yafe hayar wata kaza. Inda ba mai laifi, neman mai laifi ɓata lokaci ne. Abin nema shi ne yadda ɗaki za ya tashi kafin sanyi.

Kuɗin ajiya

A birane, yanzu har a manyan garuruwa, waɗansu masu gidaje kan karɓi wani kuɗi a kan na haya, su ce na ajiya ne saboda ɓarna. Dabarar ba ta da laifi, gama akwai 'yan hayan da ke kwashe kaya da dare su bar ɗaki kamar turken jaki. Amma kuɗin nan sunansa ajiya, watau amana. Har ranar rabuwa na ɗan haya ne. Haɗarin shi ne mai gida ya zama shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, kuɗin kuma yana aljihunsa. Mutum ƙalilan ne ke iya yi wa kansu shari'ar gaskiya a haka. Domin wannan tun 2007 dokar Ingila ta sa a tsare irin kuɗin nan a ƙarƙashin wata hukuma dabam, in gardama ta tashi wani na uku ya raba. Mu ba mu rasa na uku ba. Akwai mai unguwa, akwai dagaci, akwai dattawan da kowa ya yarda da su, akwai kuma magini wanda in ya dubi bango ya san ko jiya ya tsage ko bara.

Wannan magana ta shafi gidajen ekklesiya ma, inda fasto ko malamin makaranta ke zaune ba ya biyan haya. Kayan jama'a ya fi kowane saurin lalacewa, gama mai zama yana jin nauyin roƙo, dattawa kuma suna zaton in da damuwa da an faɗa. Ya kamata a sa ranar duba gidan kowace shekara, kada a jira sai mai zama ya yi kuka.

Tun ran gini, ran zane

Yawancin shari'un nan da ba a yi su ba, da an yi abu kaɗan tun ran farko. Ga shawararmu.

Ran da za a ba da makulli, mai gida da ɗan haya su zaga ɗakin tare da shaidu biyu, su duba rufi, da bango, da ƙyaure, da shadda, da rariya. A rubuta abin da aka gani, kowa ya riƙe takarda ɗaya. Mai waya ya ɗauki hoto. A faɗa a fili wa ke da yaɓe, wa ke da kwashe shadda, wa ke da gyaran famfo. In ɗan haya yana so ya yi wani aiki da kuɗinsa, kamar zuba siminti ko sa silin, a shirya tun kafin ya fara ko za a cire daga haya. Kada wani ya ce rubutu rashin yarda ne. Tsakanin 'yan'uwa ma ya fi amfani, gama su ne ke jin kunyar tambaya, su ne kuma in sun ɓata ba sa shiryuwa da wuri.

Ɗan haya in ya ga aibi ya faɗa a ranar, ya faɗa a gaban wani. Mai gida in an faɗa masa ya sa rana, ya kuma cika. Kada ya mai da kawo labarin yoyo dalilin ƙarin haya, gama wanda ya hukunta mai gaya masa gaskiya ya koya wa na bayansa yin shiru, gidansa ne kuwa za ya biya kuɗin shirun. In ɓarna ta auku, wanda ya san hannunsa na ciki ya riga faɗa tun ba a tambaye shi ba. In sun kasa shiryawa su biyu, su kira na uku tun magana ba ta kai Gwarzo gaban alƙali ba, inda kuɗin mota da yinin da za a ɓata za su iya fin kuɗin ƙyauren.

'Yan'uwa, ɗan haya na yau shi ne mai gidan gobe, ɗan mai gida kuma yana can Kano ko Zariya yana haya a ɗakin wani. Ma'aunin da mu ke so a auna wa namu da shi a can, shi za mu auna wa na wani a nan. Wanda ke zaune a ɗakin wani ya riƙe shi kamar shi za ya gāje shi. Wanda ya ba da ɗaki ya gyara shi kamar 'yarsa ce za ta kwana a ciki. In watan Afril ya kama, tun hadarin fari bai haɗu ba, su ɗauki tsani su hau soron tare su duba indararo.